Girmama Ƙwazon Yara A Fagen Ilimi Kamar Yadda Ake Girmama Shi A Fagen Wasa

Jawabin da aka gabatar albarkacin Maukibin Shehu Abdulƙadir Jilani (R.A)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kyautata ƙirarsa, Ya kuma ɗaukaka shi da hankali da ilimi. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Abdulƙadir Jilani da sauran waliyyanSa baki ɗaya.



Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya ranar maukibi, abin da zai fi cika masa ido shi ne yara. Ga su nan sahu-sahu, kowace makaranta da tutarta da kalar tufafinta, suna tafe suna zikiri da begen Manzon Allah (S.A.W). Waɗannan yara su ne za su riƙi wannan tuta gobe idan manyan yau sun kau. Sai dai maukibi yini ɗaya ne a shekara. Da yamma kowane yaro zai koma gidansu, kuma a can ne ake gina shi ko a rushe shi a sauran kwanakin shekarar. Wannan jawabi zai duba wani al'amari guda daga cikin abubuwan da ke faruwa a gidajen, wanda ake ganinsa ƙarami alhali yana da babban tasiri, wato yadda ake rabon yabo da murna tsakanin yaron da ya yi fice a fagen wasa da yaron da ya yi fice a fagen karatu.

Misalin Gida Ɗaya Mai Yara Biyu

A ƙaddara wani magidanci, mutumin kirki, mai riƙo da wuridinsa, wanda ba ya fashin mi'adi. Allah Ya ba shi 'ya'ya biyu maza. Babban gwanin ƙwallon ƙafa ne. Ranar da ƙungiyar unguwarsu ta ci kofi, shi ne ya zura ƙwallo a raga, matasa suka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida. Uban ya fito yana murmushi, ya sa hannu a aljihu ya yi masa kyauta, da daddare kuma ya ba abokansa labari a majalisa, ya maimaita har sau uku.

A makon nan dai ƙaramin ya dawo da takardar sakamakon jarrabawa, ya zo na ɗaya a ajinsu, kuma a Islamiyya ya kammala haddar izu goma. Ya tarar da uban a zaure yana sauraren rediyo, ya durƙusa ya miƙa masa takardar. Uban ya karɓa ya ce: "To, madalla, kai wa babarka ta ajiye." Bai buɗe ba, bai tambaye shi sunan malaminsa ba, bai ce ya karanto masa ko aya ɗaya ba.

Wannan uba ba ya ƙin ilimi. Idan aka tambaye shi, zai rantse cewa karatu ya fi masa ƙwallo sau dubu, kuma shi ne yake biyan kuɗin makarantar. Amma yaro ba ya karanta abin da ke cikin zuciyar mahaifinsa, fuskarsa yake karantawa. Ƙaramin nan ya riga ya gane abin da yake sa fuskar babansa ta yi haske, babban ma ya gane. Ba za a yi mamaki ba idan bayan shekara biyu aka ga ƙaramin ya jingine allo ya nemi takalmin ƙwallo, sannan uban ya zo wurin malam yana kukan cewa yaran zamani ba sa son karatu.

Matsayin Wasa Da Ƙarfin Jiki A Musulunci

Wajibi ne a fara da kawar da wata fahimta, domin kada a ɗauka manufar wannan jawabi ita ce hana yara wasa. Musulunci bai ƙi motsa jiki ba. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri, ya kuma fi soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (R.A), ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake, shi ma ya tsere mata. An ruwaito kokawarsa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa. Bukhari da Muslim sun kawo yadda ya shirya sukuwar dawaki a Madina, inda dawakin da aka horar suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Haka nan ya bar mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallacinsa ranar idi.

Malaman tarbiyya ma sun tafi a kan haka. Imamul Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya yi bayanin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta domin ya huta, saboda hana shi wasa da takura masa da karatu ba ƙaƙƙautawa yana kashe masa zuciya, ya dakusar da basirarsa, har ya fara neman dabarar guje wa karatun gaba ɗaya. A ƙasar Hausa kuwa kokawa da langa da sukuwa tsofaffin al'adu ne da suka gina samari masu juriya. Don haka uban da ya yi murna da ɗansa gwanin wasa bai yi laifi ba. Laifin yana wurin da murnar ta ƙare a kan ɗaya, ɗayan ya tashi hannu rabbana.

Ma'aunin Da Alƙur'ani Ya Ajiye

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 247, Allah Ya ba da labarin Banu Isra'ila yayin da suka nemi a naɗa musu sarkin da zai jagorance su yaƙi. Da aka naɗa musu Ɗaluta sai suka yi ƙorafin cewa ba shi da dukiya. Annabinsu ya ba su amsa da cewa Allah ne Ya zaɓe shi, Ya kuma ƙara masa yalwa a abubuwa biyu, ilimi da jiki. Abin lura a nan shi ne, muƙamin da ake magana a kansa muƙamin yaƙi ne, inda kowa zai zaci ƙarfin damtse ne a gaba, amma duk da haka sai aka ambaci ilimi kafin jiki. Ba a jefar da ɗaya ba, an haɗa su ne, aka kuma jera su yadda ya dace.

A cikin Suratun Namli kuma, daga aya ta 38 zuwa ta 40, Annabi Sulaimanu (A.S) ya nemi wanda zai kawo masa gadon sarautar sarauniyar Saba'i. Wani ifiritu daga cikin aljanu ya gabatar da kansa, yana mai dogaro da ƙarfinsa, ya ce zai kawo shi kafin Annabi Sulaimanu ya tashi daga majalisarsa. Sai wanda yake da wani ilimi daga Littafi ya ce zai kawo shi kafin ƙiftawar ido, kuma hakan aka yi. A wannan majalisa an gwada ƙarfi da ilimi a kan aiki guda, ilimi ya riga isa.

Sunna ma ta gyara wa sahabbai ma'auninsu a kan wannan. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (S.A.W) ya bayyana musu cewa ƙaƙƙarfa na gaskiya shi ne mai mallakar kansa yayin fushi, ba mai kayar da mutane a kokawa ba. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A) ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, iska ta riƙa kaɗa shi, mutane suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Annabi (S.A.W) ya sanar da su cewa waɗannan ƙwauri biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Wannan siririn bawan Allah shi ne ya zama malamin mutanen Kufa, kuma yana cikin mutum huɗu da aka yi umarni a koyi Alƙur'ani daga gare su. Sau nawa ake samun irin wannan yaro a gida, marar ƙiba, marar gudu, wanda ba a zaɓarsa idan ana raba 'yan wasa, ana yi masa dariya, alhali shi ne Allah Ya ajiye wa gidan a matsayin fitila?

Yadda Magabata Suka Yi Murna Da Karatun Yara

Abdullahi ɗan Umar (R.A) yana cikin waɗanda suka shiga sukuwar dawakin da aka ambata a baya, wato saurayi ne mai kuzari. Shi ne kuma ya ba da labarin ranar da Annabi (S.A.W) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Shi kuwa ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi magana saboda shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, sai Sayyidina Umar (R.A) ya nuna masa cewa da ya faɗi amsar nan, da ta fi soyuwa a gare shi a kan dukiya mai yawa. Ga uba, jarumin da Ƙuraishawa suke shakka, yana bayyana wa ɗansa ƙarara cewa amsa ɗaya a majalisar ilimi tana da wannan daraja a wurinsa. Shi ne dai Sayyidina Umar da ya riƙa zaunar da Abdullahi ɗan Abbas (R.A), yana matashi, tare da dattawan Badar, da wasu suka yi magana sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri a gabansa, domin su ga dalilin da ya sa ya gabatar da shi.

Zaidu ɗan Sabit (R.A) yana da kimanin shekara 11 lokacin da Annabi (S.A.W) ya iso Madina. Danginsa suka kawo shi suna alfahari da cewa yaronsu ya haddace surori goma sha wani abu. Annabi (S.A.W) ya saurare shi, ya ji daɗi, sannan ya umarce shi da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuwa ƙware a cikin kimanin rabin wata. Wannan yaro, wanda aka mayar da shi gida daga fagen yaƙi saboda ƙuruciya, shi ne Sayyidina Abubakar (R.A) ya ɗora wa nauyin tattara Alƙur'ani. A cikin labarinsa akwai darasi biyu: dangi ne suka kai shi gaba, kuma ilimin harshen wasu mutane yana cikin abin da aka yaba masa.

Akwai kuma Amru ɗan Salima (R.A), wanda Bukhari ya kawo labarinsa. Mutanensa suka duba ba su sami wanda ya fi shi yawan Alƙur'ani ba, sai suka gabatar da shi yana yi musu limanci yana ɗan shekara 6 ko 7. Mayafinsa gajere ne, don haka suka sayi yadi suka ɗinka masa riga. Bayan ya girma ya faɗa cewa bai taɓa farin ciki da wani abu kamar yadda ya yi da rigar nan ba. Riga ɗaya ce tak, amma ta zauna a zuciyarsa har tsufa. Iyaye su auna wannan da kyau, domin kyautar da ake yi wa yaro saboda karatu ba tsadarta ce take aiki ba.

Gadon Wannan Ɗariƙa Da Na Ƙasar Hausa

Wanda ake wannan taro dominsa, Shehu Abdulƙadir Jilani (R.A), an haife shi a shekara ta 470 bayan Hijira, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 561. Yana da shekara 18 ya bar garinsu zuwa Bagadaza neman ilimi. Littattafan manaƙibi sun kawo cewa mahaifiyarsa ta ɗinke masa dinari 40 a cikin rigarsa, ta ɗauki alƙawarin gaskiya daga gare shi, ta sallame shi. An saba kawo wannan ƙissa domin nuna gaskiyarsa a gaban 'yan fashi, amma akwai wani ɓangare nata da ya shafi iyaye: uwa ce ta ɗauki gadon ɗanta ta zuba shi a hanyar karatu, ta kuma haƙura da rabuwa da shi. Shehu ya shafe shekaru yana karatun fiƙihu da hadisi da lugga kafin ya zauna kan kujerar wa'azi, kuma makaranta ya gada daga malaminsa Abu Sa'id Al-Mukharrimi, ya faɗaɗa ta, ya karantar a cikinta har ƙarshen rayuwarsa. Duk muridin da yake ɗaga tutarsa, tutar malamin makaranta yake ɗagawa.

Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda shi ma Baƙadire ne, ya yi kakkausar suka a cikin Nurul Albab ga malaman da suke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa wa jaji malfa da jan rawani a gaban jama'a, domin kowa ya san cewa wannan mata ta ɗauko ilimi kuma an amince ta isar da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da kasancewarsa barde a fagen fama, ya yi rubuce-rubuce har a fannin magani. Kafin su kuma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741.

Al'adar makarantun allo ita ma shaida ce. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, a kan yi masa zayyana a allo, a ɗinka masa sababbin kaya, a yanka dabba, a tara malamai da dangi, ya karanta a gabansu, a zaga da shi gidajen 'yan'uwa ana ba shi tukwici. Sunaye irin su alaramma da gwani da gangaran lambobin girma ne da al'umma ta tanada domin masu karatu. Kakanni sun san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sun san cewa ƙanen mai sauka, da yake tsaye a gefe yana kallo, a ranar yake ƙudurta tasa saukar.

Halin Da Ake Ciki A Yau

Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ta kuma ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Yara da yawa za su iya lissafo waɗannan, su ƙara da sunayen 'yan wasan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya ɓangaren, tun shekarar 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, kuma daga cikinta an sami mahaddata maza da mata da suka wakilci ƙasar nan a ƙasashen waje suka dawo da nasara. Mutum nawa ne, a cikin manya ma, za su iya kawo sunan uku daga cikinsu?

A watan Yulin 2025, bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya ta ci kofin Afirka a Maroko, an sanar da cewa za a ba kowace 'yar wasa kwatankwacin dala 100,000, da gida, da lambar girma ta ƙasa. A watan Agusta na shekarar, wata ɗaliba 'yar Jihar Yobe da ta yi fice a wata gasar harshen Ingilishi a Landan ta sami kyautar naira 200,000 daga gwamnatin tarayya, abin da ya jawo muhawara mai tsawo a ƙasa. Ba a kawo wannan don hassada ga 'yan wasan ba, sun yi ƙoƙari, Allah Ya sanya musu albarka. An kawo shi ne domin mutane da yawa da suka yi ƙorafi a kan wannan bambanci, idan suka waiwaya cikin gidajensu, za su tarar da irin ma'aunin nan suke aunawa da shi. Shugabanni daga cikin gidaje suke fitowa.

Sannan akwai gaskiyar da ya kamata a gaya wa yara cikin tausasawa. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu buga ƙwallo a unguwa suke kaiwa ga cin abinci da ita. Wanda ya kai ma, shekarunsa a fili ƙidayayyu ne, kuma targaɗe ko karaya ɗaya tana iya rufe masa ƙofar. Mai ilimi kuwa yana tsufa darajarsa tana ƙaruwa, bayan ya mutu ma ilimin da ya bari yana cikin abubuwa uku da hadisi ya ce ladansu ba ya yankewa.

Ilimin da ake nufi a nan ya haɗa da na zaure da na aji. Imamul Gazali ya lissafa likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su, kowa ya shiga laifi. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da lissafi. Magidancin da yake son likita mace ta duba iyalinsa, sai ya tuna cewa likitar nan 'yar wani ce, wadda aka ƙarfafa mata gwiwa tun tana aji uku. Yaron da ya haddace Ahalari da Ishmawi ya cancanci yabo, wanda ya ƙware a ilimin kimiyya da kyakkyawar niyya shi ma haka.

Wata Tambaya Da Amsarta

Mai yiwuwa wani muridi ya ce: ai tafarkin sufaye tafarki ne na ɓoye aiki da yaƙar son yabo, yaya za a ce a riƙa yabon yaro a gaban jama'a, ba a tsoron a dasa masa riya da jiji da kai? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana wurin masu tarbiyya. Abincin babba daban, na jariri daban. Imamul Gazali da kansa ya yi umarni da cewa idan kyakkyawan hali ko aiki ya bayyana daga yaro, a girmama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa, a yabe shi a gaban mutane. An kuma ruwaito daga magabata da dama cewa sun fara neman ilimi da wata manufa ta daban, amma ilimin ya ja su har ya mayar da niyyarsu ga Allah. Yaro da alewa ake fara jawo shi, ikhlasi kuma a hankali shehunai suke shayar da shi. Ban da haka, zuciyar yaro ba ta zama babu abin da take buri. Idan aka hana shi yabo a kan karatu don tsoron riya, alhali ana yi wa ɗan'uwansa tafi a fili, ba a raba shi da son yabo ba, an dai nuna masa inda zai je ya same shi.

Maganin jiji da kai shi ne a haɗa yabon da ambaton Mai bayarwa. A ce masa: "Allah Ya yi maka baiwa, ka gode maSa, ka kuma taimaki ɗan'uwanka da bai gane ba." A kuma kiyaye kada neman na ɗaya ya kai ga satar amsa, domin hadisi ya nesanta mai algus daga al'ummar Annabi (S.A.W), kuma uban da ya biya kuɗi aka rubuta wa ɗansa jarrabawa ya koya masa ha'inci da hannunsa.

Abin Da Ake Fata Daga 'Yan'uwa

Na farko, adalci a cikin gida. Bashir, mahaifin Nu'umanu (R.A), ya yi wa ɗansa kyauta ya zo neman Annabi (S.A.W) ya yi shaida. Da aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta ya ce a'a, sai Annabi (S.A.W) ya ƙi yin shaidar, ya umarce shi da tsoron Allah da daidaitawa a tsakanin 'ya'yansa. An ruwaito cewa wasu magabata suna son daidaitawa har a sumbatar yara. To ina ga sakin fuska da kyauta da ambato a majalisa?

Na biyu, kowane uba ya san ajin da ɗansa yake, da surar da yake, da sunan malaminsa. Ya buɗe takardar sakamako a gaban yaron, ya karanta, ya yi tambaya. Wanda yake iya ba da minti 90 ga wasan da ake bugawa a wata nahiya, ba zai rasa minti 10 da zai saurari haddar ɗansa ba. Uban da bai yi karatu mai zurfi ba shi ma yana iya zama ya ce a karanta masa, domin zaman nasa kawai ya isa saƙo.

Na uku, a raya walimar sauka, ga 'ya'ya mata kamar yadda ake yi ga maza, gwargwadon hali ba tare da bashi ko gasa ba. A kuma yi wa wanda ya kammala wani mataki na karatun zamani addu'a da 'yar liyafa a gida.

Na huɗu, zawiyoyi da halƙoƙin zikiri su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Muƙaddami ya tanadi rana a shekara da za a kira sunayen yaran da suka yi ƙoƙari, a tsayar da su a gaban shehunai, a shafa kansu, a yi musu fatiha. Yaron da shehinsa ya kira sunansa a gaban mahaifinsa ba zai manta ba.

Na biyar, masu hali da suke sayen riguna da kofi domin gasar unguwa su ci gaba, amma su ware kwatankwacin abin da suka kashe domin sayen littattafai, da biyan kuɗin jarrabawar marayu, da kyautata wa malaman da suke karantar da yaran nan a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na shida, kada a manta da yaron da ba ya zuwa na ɗaya a aji, ba ya kuma cin ƙwallo a fili. Wanda ya tashi daga na talatin ya dawo na ashirin ya yi abin a yaba. Hadisi ya tabbatar da cewa mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi. Gwanin wasa kuma a riƙe shi da hannu biyu, a nuna masa cewa ana alfahari da shi, a kuma sharɗanta masa kiyaye salla a kan lokaci da zuwa makaranta, domin ya haɗa abubuwa biyun da aka haɗa wa Ɗaluta.

Kammalawa

'Ya'ya amana ce, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Yaran da suka cika hanya a wannan rana za su girma su nufi wurin da suka ga manyansu suna kallo da sha'awa. Magidancin da aka buga misali da shi a farkon wannan jawabi bai makara ba. Takardar tana nan a ɗakin uwar yaran, yana iya aikawa a ɗauko ta yau da daddare, ya kira yaransa biyu ya zaunar da su a gabansa, ya buɗe ta.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya ba su ilimi mai amfani da lafiya mai ɗorewa, Ya sanya su sanyin idon iyayensu duniya da lahira. Allah Ya jiƙan shehunan da suka gabata, Ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya maimaita wannan taro da alheri, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W) da Alƙur'ani mai girma. Amin.